Sunan da Larai Ba Ta Kira

Shafi na 23

Inuwa azzalumi ne. Na faɗa a shafin baya, wasu suka biyo ni da saƙo wai na yi tsauri, wai ai mutumin ya ɗauki marainiya ya ciyar da ita shekara uku. Jaki ma ana ciyar da shi. Wanda ya karɓi 'yar ƙaninsa da sunan riƙo, ya cire ta daga makaranta, ya tsayar da ita cikin ruwa tana korar tsuntsu daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba riƙo ya yi ba. Ku karanta wannan, sannan ku sake turo mini saƙon.

Mun tsaya inda Rahmatu, matar Inuwa, ta faki ranar da ya tafi kasuwar Jahun, ta ɗauko Zulfa daga ƙauyensu na ƙasar Auyo ta kai ta asibiti a Haɗeja. Likita ya leƙa kunnen yarinyar, ya aika aka kira Malama Shamsiyya, ma'aikaciyar walwalar jama'a. Kwana biyu bayan haka Malama Shamsiyya ta tara su a gidan Iya Yagana, uwar Inuwa da marigayi Shu'ibu, mahaifin Zulfa.

Bayan azahar Larai, uwar Zulfa, ta iso daga Guri, hijabinta yana warin hayaƙin bandar kifin da take yi. Ta durƙusa ta gaida surukarta. Ta gaida Rahmatu. Ta gaida baƙuwar da ba ta sani ba. A jikin bango 'yarta tana zaune, shekararta goma, an cusa mata auduga a kunnen hagu. Larai ba ta kalli wurin ba.

Zulfa 'yar fari ce. Kun san yadda muke. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban surukai. Tun da aka haifi yarinyar, "ke" Larai take ce mata, ko "waccan". Da kwale-kwale ya kife da Shu'ibu shekarar ambaliya, ta gama takaba, Inuwa ya ce zai riƙe babbar, ita ta koma gidansu da goyo. Ta ɗaure kayanta ta tafi. Wa zai buɗe baki a kan 'yar fari?

Inuwa ya jingine mashin a zaure ya shigo yana kaɗa makulli.

"Iya, barka da rana. Wai duk wannan taron a kan ciwon kunne ne? Wane yaro ne a fadama bai yi ruwan kunne ba?"

"Zauna," in ji Iya Yagana.

Malama Shamsiyya ta buɗe jakarta.

"Malam Inuwa, aji nawa Zulfa take?"

"Tana zuwa."

"Aji nawa?"

"Ni ba malaminsu ba ne."

"Na je wurin malamin nasu jiya. Ya ce zango ɗaya ta yi, shekarar da aka kawo ta."

Inuwa ya yi dariya.

"Malama, ke shinkafa a faranti kika san ta. In tsuntsun nan jan-baki ya sauka a gona, kafin ki gama alwala ya gama da ita. Kowa a garinmu yaransa yake kaiwa gadi."

"Naka yaran fa?"

"Suna makarantar kwana."

"Duka biyun?"

"To in ciro su ne? Gonar ma ta ubanta ce. Kanta take yi wa gadi."

"Gonar ubanta," in ji Iya Yagana, "amma ko takalmi babu a ƙafarta. Na shafa ƙafar da hannuna, duk ruwa ya cinye tsakanin yatsun."

Malama Shamsiyya ta ɗaga takarda.

"Likita ya ce dodon kunnenta na hagu ya fashe. Ba ruwa ba ne, duka ne. An bar shi ya daɗe, mugunya ta ci wurin. Wannan kunnen ba zai ƙara ji ba."

Larai ta dafa ƙasa da hannu biyu. Har yanzu ba ta juya ba.

"Faɗowa ta yi daga rumfar gadi," in ji Inuwa. "Ga Rahmatu nan, ku tambaye ta."

Ya zuba wa matarsa ido. Rahmatu ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago.

"Baban Muttaka, ka yi haƙuri. Wata biyar ina ɗauke da abin nan. Ko sallah na tayar, shi nake gani."

"Rahmatu, ki tuna a gidan wa za ki kwana."

"Na tuna. Na ɗaure kayana tun shekaranjiya."

Ta juya wajen Larai.

"Kin tuna bikin 'yar Ɗanladi, lokacin shinkafar rani? A tsallaken ruwa daga garinmu?"

"Na tuna."

"Yarinyar nan ta ji mata masu zuwa bikin suna cewa kin zo. Ta saki igiyar gwangwanayen korar tsuntsu, ta ratsa ciyawar kachalla, ruwa har ƙirjinta, ta je. Shekara biyu da rabi ba ta sa ki a ido ba."

Larai ta rufe baki da gefen hijabi. Ta tuna. Ɗakin cike yake da dangin Shu'ibu, ana raba alkaki. Sai ga wata 'yar baƙar yarinya a bakin ƙofa, zanenta yana ɗigar da ruwa. Wata gwaggo ta ce, "Larai, ga 'yarki." Ita kuwa ta kau da kai ta ce abin da kowace mace take faɗa a irin wurin: "Wace 'ya? Ni ba ni da 'ya a nan." Aka yi dariya, aka ce Larai akwai alkunya. Da ta saci kallo, bakin ƙofar babu kowa.

"Na ƙulla mata alkaki da nama," Larai ta faɗa a hankali. "Da sabon ɗankwali. Na ba da a kai mata."

"Ƙullin ya iso washegari," in ji Rahmatu. "Baban Muttaka ya ce kada a ba ta. Alkakin shi ya ci da shayi."

Ta sa hannu a jaka ta ciro ɗankwali ruwan ɗorawa, a ninke, ko wanki bai taɓa gani ba. Ta ajiye a kan tabarma.

"Ranar bikin kuwa, da ta dawo gonar ta same shi a tsaye, tsuntsu ya cinye gefe guda. Ni na kai masa abinci, ina wurin. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, 'Kin gan ta?' Ta ce e. 'Ta kira ki?' Ta ce a'a. 'Me ta ce?' Ta ce, 'Ta ce ba ta da 'ya a nan.' Ya ce, 'To, kin ji da kanki.' Sannan ya ɗauke ta da mari. Ta faɗa cikin ruwa. Da na ɗago ta, jini yana fita ta kunnen."

"Ƙarya kike yi," in ji Inuwa.

"Na ce a kai ta asibiti, ka ce in na fitar da ita a bakin aurena. Wannan ma ƙarya ne?"

"Horo ne. Uba ba ya horon 'yarsa?"

"Marin ba shi ya fi ci mini rai ba, Iya," in ji Rahmatu, hawaye yana zubo mata. "Daga ranar, duk sanda ta yi kukan Guri sai ya zaunar da ita. 'Tun da aka haife ki, kin taɓa jin uwarki ta kira sunanki? Ba ta sonki. Ni kaɗai na yarda na ɗauke ki.' Duk Juma'a in Larai ta bugo waya, sai ya kira yarinyar ta tsaya kusa, ya buɗe muryar wayar. Larai ta ce ya gida, ya yara. Sai ya ce, 'Ga 'yar taki, a ba ki ita?'"

Ta kalli Larai.

"Me kike cewa?"

Larai ta sunkuyar da kai.

"Ina cewa a'a, bar ta."

"Ya san haka za ki ce. Shi ya sa yake tambaya. In ya kashe wayar sai ya ce mata, 'Kin ji ko? Tafi gona.'"

Ban wanke Larai ba. Ta yi abin da aka koya mata, amma ba wanda ya zaunar da yarinya 'yar shekara bakwai ya gaya mata ma'anarsa kafin a ɗora ta a mashin a kai ta wani gari. Manya sun san shirun so ne. Yaro abin da ya gani shi ya sani.

Malama Shamsiyya ta tashi ta koma ta hannun daman Zulfa ta zauna a ƙasa.

"Zulfa, kina jina?"

"Ina ji."

"Ni aikina in ga yaro ya zauna cikin danginsa, inda ba za a cuce shi ba. Wurin wa kike so ki zauna?"

Yarinyar ba ta kalle ta ba. Inuwar bango take kallo.

"La'asar ta kusa. Yanzu suke sauka."

"Su wa?"

"Tsuntsayen. Babu kowa a gonar."

"Ba za ki koma gonar ba. Ga mahaifiyarki ta zo tun daga Guri."

"Ba wurina ta zo ba."

"Wa ya ce?"

"Ba ta sona. Baffa dai yana ba ni abinci. In na koma yanzu ba zai dake ni ba, in dai ban bari sun ci da yawa ba."

Inuwa ya gyara zama, ya ware hannuwa.

"To kun ji. Ni ban sa ta ba. Malama, rubuta a takardar taki."

Malama Shamsiyya ba ta kula shi ba. Da Iya Yagana ta yi magana.

"Iya, gidansa dai ba za ta koma ba, ko ta so ko ta ƙi. Ke kuma idonki ya yi rauni, ba za ki iya jinyar kunnen nan ba. Ba kuma zan ɗauki yarinya tana kuka in kai ta wurin wadda ta yi imani ba ta sonta ba, gudu za ta yi ta shiga ruwa. In ba a gyara wannan yau ba, sai dai gidan marayu. Ba na son in kai yarinya mai uwa da kaka gidan marayu."

 Iya Yagana ta lalubi sandarta ta ajiye a kan cinya. Ta juya fuska inda take jin numfashin ɗanta.

"Kai."

"Na'am, Iya."

"Shekararka nawa?"

"Arba'in da tara."

"Wane ne ɗan farina?"

"Ni ne."

"A cikin shekara arba'in da taran nan, ka taɓa jin sunanka a bakina?"

"A'a."

"Shekarar da ƙyanda ta kama ka, ruwa ya yanke hanya, wa ya goya ka ya ratso fadama a ƙafa har cikin garin nan?"

"Ke ce."

"Kakarka tana gefena a ranar, saboda haka ko kuka ban yi ba. Na ajiye ka a gaban mai magani kamar ɗan maƙwabta. Ka taɓa zaton ba na sonka?"

Inuwa ya kau da kai yana juya makullin a hannu.

"Da kai nake."

"Ban taɓa ba, Iya."

"Ashe ka san abin da shirun yake nufi. Da shi aka raine ka. Ba kuskure ka yi ba. Ka ɗauki abin da ka fi kowa sani, ka soki marainiya da shi, don kada ta nemi uwarta, don ka samu mai gadin gona."

Ta juya.

"Ke kuma Larai, kunyar wa kike ji? Tawa? Na yafe miki. Wanda kike jin kunyar danginsa ruwa ya tafi da shi. Abin da ya bari ga shi can a jikin bango. Tashi."

Larai ta tashi. Taku shida ne tsakaninsu. Ta durƙusa kusa da 'yarta. A karo na farko ta kalle ta sosai a gaban mutane: wuyan ya rame, gashin ya yi ja saboda rana, tafin hannun duk kanta, inda igiya ta ci.

Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ta sake gwadawa.

"Zulfa."

Yarinyar ba ta motsa ba.

"Zulfa." Ta ɗan ɗaga murya.

Yarinyar tana nan tana kallon inuwar bango, leɓenta yana motsi kamar mai korar wani abu.

Larai ta waiwayo, fuskarta duk hawaye.

"Ta ƙi amsawa, Iya."

"Ba ƙi ta yi ba," in ji Malama Shamsiyya. "Ta hagunta kike."

Shekara goma tana ajiye da sunan nan, ranar da ta fito da shi ya faɗa a kunnen da ya mutu.

Larai ba ta miƙe ba. Da gwiwa ta zagaya ta gaban yarinyar, Malama Shamsiyya ta matsa mata. Ta kai bakinta daidai kunnen dama.

"Zulfa."

Yarinyar ta juyo a firgice. Ta kalli bakin, ta kalli idon.

"Wa ya gaya miki sunana?"

Rahmatu ta tashi ta shige ɗaki, ana jin kukanta daga ciki.

"Ni na zaɓa miki shi," in ji Larai. "Babanki Adila yake so. Ni ba zan iya faɗa masa da bakina ba, sai na tura ƙawata ta ce masa maijego ta fi son Zulfa. Ya yi ta dariya, ya ce an ba ta."

"Kin ce ba ki da 'ya."

"Ƙarya na yi."

"Manya suna ƙarya?"

"Suna yi. Haka aka koya mana mu ce a gaban mutane. Da na koma gida ranar, kwana uku ban ci abinci ba. Na ga zanenki a jiƙe, ban tambayi dalili ba. Laifina ne."

"A waya kin ce a bar ni."

"Na ce. In na kashe wayar sai in shiga bayan ɗakin banda in kira sunanki, hayaƙi yana shiga idona, don in an gan ni a ce hayaƙi ne."

Zulfa ta daɗe tana kallonta. Sai ta karkata kai, ta miƙo kunnen dama.

"Sake faɗa."

"Zulfa."

"A Guri ma za ki faɗa, ko sai a nan?"

"A Guri, da kasuwa, da gidan biki. Duk wanda ya ce ba ni da kunya, in ce e, ba ni da ita."

"Akwai gonar shinkafa a can?"

"Akwai. Ba ke za ki yi gadinta ba. Makaranta za ki."

Yarinyar ba ta rungume ta ba. Ba ta san yadda ake yi ba. Bakin hijabin ta kama, ta naɗe shi a yatsa, ta riƙe gam. Larai ta jawo ɗankwalin nan ruwan ɗorawa ta warware, ta ɗaura mata, ta rufe audugar da shi.

Malama Shamsiyya ta rubuta wani abu ta rufe jaka.

Inuwa ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"To, tunda an shirya, shi ke nan. Dama zumunci ake so. Iya, ni zan koma, gonar babu kowa."

"Inuwa."

Makullin ya suɓuce daga hannunsa. Ya tsaya kamar wanda aka watsa wa ruwa. Bai taɓa jin sunan da wannan muryar ba.

"Inuwa ɗan Nu'uman, fita mini daga gida."

Ya zube a kan gwiwa.

"Iya, kada ki kira. Ki zage ni, ki dake ni da sandar nan, amma kada ki kira."

"Na kira. Ɗa ake ji wa kunya."

"Iya..."

"Inuwa, akwai 'yan sanda biyu yanzu a zaure suna jiranka. Ni na ce Malama ta zo da su."

Alƙali ya ɗaure shi wata tara. An karɓe gonar Shu'ibu daga hannunsa, aka rubuta ta da sunan marayun. Rahmatu ba ta koma gidansa ba. Ranar da ya fito ya wuce kai tsaye gidan uwarsa, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta. Ta ce, "Lafiya lau, Inuwa," yadda take amsa wa mai tallan kifi. Har yau da sunansa take kiransa.